Gahawa a Teburin Mai Shayi, Daga Sabon Birni Zuwa Isa

Baƙon da ya sauka a tashar Sabon Birni da sanyin safiya, ya zauna a bencin mai shayi ya ce "ba ni kofi," kada ya yi mamaki in an miƙo masa kofi wayam ana jiran ya faɗi abin da za a zuba masa. A bakinmu kofi mazubi ne. Abin shan da mutanen birni suke nufi da wannan suna, a nan sunansa biyu. Dattawa da alhazai su ce gahawa. Direbobi da 'yan kabu-kabu da matasa su ce Nescafé, ko da wane kamfani ne ya yi garin. Tsakanin waɗannan sunaye biyu akwai tarihi mai tsawo, akwai kuma amsar tambayar da ake yawan yi yanzu, tun da wuraren shan gahawa masu kujerun alfarma suka fara yawa a Abuja da Kano: shin mutumin Gobir yana da inda zai zauna ya sha gahawa mai kyau?

Wurin zaman dai yana da shi tun ba yau ba. Teburin mai shayi ne: tebur ɗaya, benci biyu ko uku, tukunya a kan murhun gawayi, burodi a jere, kiret ɗin ƙwai, gwangwanayen madara an gina su kamar ganuwa, rediyo na rataye a jikin ƙusa. Duk abin da gidan gahawa yake yi wa mutanen wata ƙasa, wannan tebur yana yi wa mutanen Isa da Gatawa da Bafarawa. A nan ake jin farashin albasa da na taki, a nan ake sanin ko hanya ta yi kyau yau, a nan ake yanke wa gwamna hukunci a ɗaga ƙara kafin shayi ya huce. Kuma sana'ar ba baƙuwa ba ce ga 'yan yankin. Wanda ya zaga Legas ko Ibadan ko Fatakwal da dare ya tambayi masu shayin bakin titi garuruwansu, zai ji sunayen ƙauyukan gabashin Sakkwato da na jihohin Maraɗi da Tawa sun fi a ƙirga. 'Yan cirani ne da suka ɗauki tukunya suka ciyar da biranen wasu. Saboda haka maganar hannu da gwaninta ba ita ce matsala ba. Abin dubawa shi ne me ke cikin kofin.

Sai dai kafin nan, ya kamata a faɗi gaskiya: gahawa ita ce auta a wannan tebur, kuma ta tarar da yayye biyu sun riga sun kama wuri.

Babban yaya goro ne. Sinadarin da ke hana barci a gahawa, wanda masana ke kira kafin, shi ne a cikin goro, kuma kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna samun sa ta wannan hanya. Fatake sun yi ta kai jaki da kanwa da tufafi Gwanja suna dawowa da huhunan goro, tafiyar watanni. Matafiyan Turai da suka ratsa ƙasar Hausa a ƙarni na 19 sun rubuta cewa goro shi ne gahawar Sudan. Yau yawancinsa daga ƙasar Yarbawa yake zuwa, daga Shagamu da Ondo da kewaye, wato Bagobiri na tauna arzikin taubashinsa yana kuma yi masa tsiya. Goro ba ya bukatar wuta ko ruwa ko kofi. Ana sa shi a aljihu, ana ɓara shi a raba, ana neman aure da shi, ana raɗa suna da shi. Gahawa ba ta taɓa samun wannan matsayi ba, kuma ban ga alamar za ta samu ba.

Yaya na biyu shayi ne, shi ma kashi biyu. Akwai na tebur, mai madara da burodi, wanda ya bi birane da tashoshin mota ya bazu. Akwai kuma shayin Buzaye, ɗanyen ganyen Sin da ake dafawa a 'yar ƙaramar buta a kan gawayi, a sheƙa shi daga sama har ya yi kumfa, a sha zubi uku: na farko mai ɗaci, na biyu tsaka-tsaki, na uku mai zaƙi. Wannan daga arewa ya gangaro, kuma babu inda ya fi sauƙin gangarowa kamar ƙasar Gobir. Tun bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa suka rabu gida-gida. Wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni a bakin Gulbin Rima. Da Ingila da Faransa suka ja layinsu, sai kawu ya zama ɗan Nijar, ɗan 'yar'uwarsa ɗan Nijeriya. Aure da biki da kasuwa ba su san da layin ba, buta ma ba ta sani ba. Abin da matasan Maraɗi da Madawa ke kira fada, inda ake kewaye butar shayi a yi hira har dare ya raba, shi ne majalisar matasan Sabon Birni. Wanda ya saba da ɗacin zubin farko, ba wata gahawa da za ta tsorata shi.

To ita kanta gahawar, ta ina ta shigo? Ta ƙofa biyu, kuma sunayenta biyu ne shaida.

Ƙofar farko ta gabas ce. Kalmar gahawa daga Larabci take. Itacen asalinsa tsaunukan Habasha ne, amma labarin shan ta da aka tabbatar ya fara ne a Yaman cikin ƙarni na 15, inda sufaye ke sha don su iya raya dare da zikiri. Daga nan ta haura Makka da Alƙahira. A 1511 wani jami'in gwamnati a Makka mai suna Khair Beg ya tara malamai da likitoci aka haramta ta, kuma masu tarihi da yawa suna ganin abin da ya dame shi taron da ake yi a kanta ne, da maganganun da ake yi a taron. Haramcin bai yi tsawon rai ba. Kafin ƙarnin ya ƙare gidajen gahawa sun cika Istanbul. Bahaushe ya haɗu da ita a hanyar hajji ta ƙasa, musamman a Sudan, inda dubban mutanenmu suka zauna tun bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garuruwa irin su Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. A can ana soya 'ya'yan gahawa a gaban mai sha, a daka, a dafa da citta a 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya da suke kira jabana. A Hijaz kuwa ana yin ta fara-fara, ba a soya ta ƙwarai, a sa mata hel, a sha da dabino ba sukari. Ita ce wadda alhazanmu ke ɗanɗanawa a Makka da Madina, wasu su dawo da ƙulli ɗaya a tsarabarsu, a sha mako biyu ana ba da labari, ta ƙare.

Ƙofa ta biyu ta teku ce, kuma ita ta ci kasuwa. A 1938 kamfanin Nestlé ya fito da Nescafé a Suwizalan, bayan Barazil ta nemi a samo dabarar adana gahawar da ta yi mata yawa a rumbuna. Dabarar ita ce a dafa gahawa a masana'anta, a busar da ruwan har ya zama gari, mai sha ya mayar masa da ruwan zafi. Kamfanin yana da masana'antar wannan gari a Abijan tun farkon shekarun 1960, kuma daga can ake watsa shi cikin Afirka ta Yamma. Shi ya sa a ƙasashen Faransanci, har da Nijar, za ka ga yara na tura 'yar keken Nescafé suna sayarwa kofi-kofi. Mai shayin Gobir ya karɓi wannan gari hannu bibbiyu don dalili mai sauƙi: ba soyawa, ba daka, ba tacewa, ba asarar gawayi. Cokali ɗaya ko leda ɗaya, an gama.

Wannan yana nufin kusan duk gahawar da ake sha tsakanin Sabon Birni da Isa an riga an dafa ta sau ɗaya a wata ƙasa kafin ta iso. Masu ilmin abin suna raba gahawa gida biyu manya. Arabika mai son tudu da sanyi, ƙamshinta ya fi, da ɗan tsami-tsami mai daɗi. Robusta mai jure zafi da cuta, ta fi ɗaci, kafin ɗin da ke cikinta ya kai ninki biyu na arabika, kuma ta fi araha. Garin gwangwani yawanci da robusta ake yin sa. Busarwar ma tana tafiya da wani kaso na ƙamshi. Don haka in mizanin masu ɗanɗano na birni za a ɗauka, wanda ke tambayar gonar da aka tsinko 'ya'yan da ranar da aka soya su, to an gama shari'a tun kafin a zauna: babu gahawa mai inganci a nan.

Ni ban yarda a tsaya a nan ba. Wanda ya sha gahawa a tebur biyar cikin gari ɗaya ya san ba ɗaya suke ba, alhali gwangwanin iri ɗaya ne. Bambancin yana hannun mai shayi, kuma yana farawa daga ruwa. Kofin gahawa kusan duka ruwa ne. Rijiyar da ke da zartsi, ko jarkar ɗan garuwa da ta taɓa ɗaukar wani abu, ko randar da ta kwana biyu ba a wanke ba, duk za su fito a harshe, kuma gahawa ta fi shayi tona asirin ruwa domin citta da kanumfari ba su rufe mata. Mai shayin kirki ya san rijiyar da yake saye, ba ya canzawa don rangwamen naira ashirin.

Sai tukunya. Yawancin masu shayi tukunya ɗaya gare su, wadda tun asuba aka zuba mata ganyen shayi da kayan ƙamshi, tana tafasa ana ƙara ruwa har hantsi. In ka ce a ba ka Nescafé, daga wannan ruwan za a ɗebo a kaɗa maka garin. Abin da ka sha ke nan ba shayi ba, ba gahawa ba, wani ɗan tsakani ne. Wasu sun fi son sa haka, kuma ba laifi ba ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma wanda ke son ya ji gahawar da kanta sai ya nemi mai buta ta biyu, ta farin ruwa. Ruwan ma kada a zuba shi yana tsalle. A sauke, a bar shi kamar minti ɗaya ya huce kaɗan, domin ruwa mai tafasa sosai yana ƙara fito da ɗaci. Wata dabarar da wasu suka gano da kansu ita ce a fara dama garin da sukari da ɗigon ruwa har ya yi kumfa mai launin ƙasa, sannan a cika kofin. Sheƙawa tsakanin kofi biyu, wadda mai kallo ke ɗauka burga ce, tana da aikinta: tana haɗa madara da sukari, ta rage zafi, ta tayar da ƙamshi.

Kofi kansa abin magana ne. Na roba yana riƙe warin abin da aka sha jiya, har da na albasar wainar ƙwai in ruwan wanki ɗaya ne. Na silba yana ƙona leɓe. Na gilashi ko tangaran ya fi, amma yana fashewa, mai shayi kuwa ba ya son asara. Na taɓa zama a wani tebur inda aka buɗe mini gwangwani na ga garin ya dunƙule ya yi baƙi kamar kwalta, mai shayin na ƙwaƙule shi da bayan cokali. Laimar damina ce ta shige shi, domin murfin ba ya rufuwa. Ban ce komai ba, na ce a ba ni ruwan bunu. Garin gahawa yana shan danshi kamar gishiri, kuma da ya dunƙule ƙamshi ya tafi. A nan ƙananan ledoji sun fi gwangwani amfani, ko da yake sun fi tsada in aka lissafa, kuma su ne ke cika kwata. Duba ranar lalacewa da lambar hukumar NAFDAC ba aikin 'yan boko kaɗai ba ne, musamman a bakin iyaka inda kaya ke shigowa ta hanyoyi da yawa.

Maganar madara tana da ɗan ciwo. Ƙasar shanu ce, amma madarar da ke kan tebur daga gwangwani ko leda take, kuma da yawa daga cikin masu araha an cire musu man shanun an mayar da man itace, abin da ke rubuce a jikin ledar ga mai karantawa. Haɗin kauri, wanda shi ne alfaharin mai kuɗi a benci, cokula ne na madara da Bournvita ko Milo da sukari har cokali ya kusa tsayawa, a yayyafa gahawa a kai. Abinci ne, kuma ga lebura ko mai noman fadama da zai yini a rana ba abin rainawa ba ne. Amma gahawar da ke ciki baƙuwa ce a bikin wasu. Sukarin ma ya isa a yi masa magana, ganin yadda ciwon sukari da hawan jini ke ƙaruwa har a ƙauyuka. Likitoci sun ce baligi mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na kafin a yini, kimanin kofi huɗu ko biyar na garin gwangwani, mai juna biyu kuma rabin haka. Amma lissafin ya haɗa da goron da aka tauna da zubin shayin da aka sha a majalisa, abin da kusan ba wanda ke ƙirgawa. Kafin yana ɗaukar kamar awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, shi ya sa kofin la'asar ke bin mutum har shimfiɗa. Akwai kuma abin da kowa ya sani ba a cika faɗa ba: matasan da ke jefa ƙwaya irin su tiramol cikin baƙar gahawa don su jure aiki. Wannan ya ɓata wa gahawa suna a idon iyaye da yawa, har wani dattijo in ya ga yaro da baƙin kofi sai ya ƙura masa ido. Mai shayin da ke son mutuncin teburinsa ba ya bari a yi wannan a gabansa.

To, ana iya wuce gwangwani? Itacen dai ba zai yi a Gobir ba. Damina wata uku zuwa huɗu, zafin bazara ya haura digiri 40, arabika kuwa tana son sanyin da bai wuce digiri 20 da 'yan kai ba da ruwa mai yawa. Amma Nijeriya tana da inda yake yi. A tsaunin Mambila, ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, wanda tsayinsa ya haura mita 1,500, ana noman arabika tun shekaru da dama, a can ne kuma gonar shayin Kakara take. Ana yin ta a tudun Jos, robusta kuma a wasu jihohin kudu. Cibiyar binciken koko da ke Ibadan, wadda aka ɗora wa alhakin koko da goro da gahawa da kashu da shayi, tana da reshe a Mambila. Duk da haka noman ya ja baya, manoma da yawa sun sare itatuwan ko sun bar su sun tsufa saboda rashin mai saye na kirki. Abin mamaki ke nan: manomi a Gembu na neman kasuwa, mai shayi a Isa na sayen garin da ya ƙetaro ƙasashe uku.

Ɗanyen 'ya'yan gahawa suna ɗaukar watanni ba su lalace ba in wuri ya bushe, kuma bushewa ba ita muka rasa ba. Soyawa fa? Matan da ke soya gyaɗa da riɗi da gujiya a kasko ba za su kasa ba, minti goma zuwa sha biyar ne ana juyawa har ta yi launin ƙasa mai duhu tana ƙara. Turmi da taɓarya suna nan. Abin kiyayewa shi ne a soya ta 'yan kwanaki, a daka ta yini ɗaya, domin dakakkiya ba ta jimawa take sakin ƙamshi. Kuma akwai misali a gabanmu daga mutanen da ba su fi mu wadata ba. A Senegal, gahawar Tuba, wadda almajiran Shehu Ahmadu Bamba suka yaɗa, ta fita daga zawiyya ta mamaye tituna, ana sayar da ita a ƙananan kofuna da kuɗi kaɗan. Sirrinta wani ɗan itace ne da suke kira jar, wanda ake soyawa tare da 'ya'yan gahawar. Jar ɗin nan ba komai ba ne illa kimba, wadda ke cikin kayan yajin kowace uwar gida a Sabon Birni. Su Sudan citta, su Hijaz hel, su Senegal kimba. Mu da ke da kimba da citta da kanumfari da masoro a faifai ɗaya, har yau ba mu yi tamu ba.

Ba na so in yi saurin cewa abin mai sauƙi ne, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai shayi yana aiki da jarin yini ɗaya. Abin da ya sayar yau da shi zai sayi burodin gobe, kuma littafin bashinsa ya fi akwatin kuɗinsa nauyi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin watanni. Jikar sefa ɗaya ta wuce naira dubu biyu, don haka duk abin da ke shigowa ta Nijar, ganyen shayi ne ko gahawa, ya yi tsalle. Iyakar ma an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023. A kasuwar duniya kuma fari a Barazil da Biyetnam, ƙasashe biyu da suka fi kowa noman gahawa, ya kai farashin arabika sama da dala huɗu kan kowane laba a farkon 2025, abin da ba a taɓa gani ba. Duk wannan yana sauka a kan cokalin mai shayi, wanda ba zai iya ƙara kuɗi yadda aka ƙara masa ba, sai dai ya rage tudun cokalin. A irin wannan hali ne garin ƙwallon dabino da ake soyawa ya samu shiga da sunan gahawa. Yana da daɗinsa, ba shi da kafin, kuma ba laifi a sayar da shi matuƙar an faɗa wa mai saye abin da yake sha.

Akwai kuma rabin gari da ba su zama a benci. Mace ba ta zuwa teburin mai shayi a Isa ko Sabon Birni, sai dai a aiki yaro da kofi mai murfi ko fulas. Duk wanda ke tunanin kasuwar gahawa a yankin ya manta da cikin gida, ya manta da masu soyawar da masu dakan, waɗanda su ne za su fi saurin gane bambancin sabuwa da kwananniya.

Amma abin da ya fi ruwa da madara da farashi taɓa kofin mutumin Gobir a shekarun nan shi ne zaman kansa. Gahawa da shayi abin sha ne na mai natsuwa, wanda zai miƙe ƙafa ya bar kofi ya huce. Yankin nan ya shiga cikin wuraren da 'yan bindiga suka fi addaba a duk arewa maso yamma. A watan Mayun 2020 an kashe mutane fiye da saba'in a ƙauyukan Sabon Birni cikin yini ɗaya. A Disambar 2021 aka ƙona matafiya fiye da ashirin cikin mota a kan hanyar da ta haɗa Sabon Birni da Isa. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban mutane sun tsallaka zuwa yankin Gidan Rumji a jihar Maraɗi, wasu sun cika makarantu da kangaye a cikin gari. Teburin mai shayi yana rayuwa ne da direban da ya kwana a tasha, da fatake masu sammakon kasuwar Shinkafi ta Alhamis, da 'yan ƙauye da suka shigo sayar da hatsi. In hanya ta mutu, tukunya ta huce.

Lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha huɗu na jihar Sakkwato a Satumbar 2021, har da Sabon Birni da Isa, bencin ya koma aikinsa na asali. Wanda ya shigo daga wani gari shi ne jarida, wanda wayarsa ke kama layin Nijar shi ne gidan waya. Sai dai hirar ta canza. Tsoron infoma ya sa mutum na auna maganarsa ko da wanda suka yi wasan ƙasa tare ne, baƙuwar fuska ta zauna sai a koma zancen ƙwallo. Khair Beg ya bukaci malamai da likitoci kafin ya rufe bakin masu shan gahawa a Makka. A nan ba wanda ya kafa doka.

"Mai shayi, yau da wuri haka?"

"To, Alhaji, wa za ni jira? Sha ka tashi in kashe wuta."

A da, a manyan tashoshi, wutar mai shayi ita ce ta ƙarshe da ke mutuwa a gari, wani ma sai ya haɗa dare da asuba. Yanzu a wurare da yawa ana sallar isha'i ake kife benci. Gahawar da sufayen Yaman suka fara sha don raya dare ta koma abin karin kumallo, a sha a tsaye kafin a hau babur. Masu sayen ta da dare sun ragu zuwa waɗanda barci ba nasu ba ne: 'yan sintiri a bakin gari, da maigidan da zai kwana zaune a zaure yana sauraren haushin karnuka. Su ba su tambayar madara. Leda biyu a fulas ɗaya, sukari kaɗan, a aiko yaro ya karɓa kafin a rufe ƙofa.